Inuwar da Na Sare Saboda Rezo

Ni ne na yi kuskure, kuma ba kuskuren yini ɗaya ba. Na sa an sare dogonyaron mahaifiyata a tsakiyar azumi, cikin zafin da ko kare ba ya fita, bisa dalilin da ba gaskiya ba. Da na gano ba gaskiya ba ne kuma, sai na kama bakina, na bar ta tana sa mini albarka a kan abin da ya kamata ta yi mini faɗa.

Bazarar bana ce ta tono zancen. Tun da ta kama ban samu wurin zama ba. In na shiga ɗaki, bango yana huci. In na fito, rumfar kwanon da na kafa a gurbin itacen ta zama tanda. Sai in tsaya a bakin zaure ina kallon Inna tana jan tabarmarta da ƙafa, tana bin ƴar siririyar inuwar katanga, inuwar na gudu tana bi. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ni ne nake kau da kai.

Waccan shekarar, sama da shekara goma ke nan, azumi ya faɗo a wutsiyar bazara, lokacin da ake jiran ruwan shuka. Duk wanda ya zauna Damagaram ya san wannan tsakanin. Duwatsun gari su sha rana tun safe, su yi ta amayo ta har bayan an sha ruwa. Famfon unguwa in an murɗa shi sai ya yi tari ya yi shiru. Mai ga-ruwa ya zama sarki, kana kiransa yana wucewa kamar bai ji ba. Kuran kuwa, wato wutar lantarki, a kawo a ɗauke, a kawo a ɗauke, har mutum ya daina murna in ya ga fitila ta kama. Mun riga mun yi binne a gonarmu ta hanyar Droum, gero na kwance cikin busasshiyar ƙasa yana jira. Kullum la'asar hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, mata su kwashe shanya, a jera bokitai, sai iska ta zo ta watsa shi. A mayar da bokitai.

Gidanmu duka a ƙarƙashin dogonyaron nan yake rayuwa. Da hantsi matata Hajara za ta share gindinsa, ta yayyafa ruwan wanke-wanke, ta jawo turmi. Randa tana can, akuya tana can, tabarmar Inna tana can. A nan ake jiƙa tsamiya, a nan ake surfen wake na ƙosai, a nan nake zube in na dawo daga neman ƙanƙara, harshena kamar tsohon takalmi. Inna ce ta dasa shi da hannunta tun ina goye. A garin da ake sayen ruwa, ba wanda ke ba itace ruwa don Allah. Ita sai ta mai da gindinsa wurin alwalarta, sau biyar a yini, har ya fi ƙarfin akuya, har ya fi ƙarfin katanga.

Ƙanena Sani, autanmu, yana Aljeriya yana aikin gini. Shi ya aiko mana da ordinata, wato kwamfuta, ta hannun wani direba, irin mai ninkewa, da kile, ɗan abin nan kamar yatsa da ake sa wa sim a cusa a gefenta don ta kama intanet. Ba don ado ya aiko ba. Kunnen Inna ya yi nauyi, in an kara mata waya sai ta ce ƙudan zuma take ji. A ordinata kuwa tana ganinsa. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai shiga wani shago can inda yake, ya zauna gaban tasu na'urar, mu kuma mu ɗora tamu a kan turmi. Inna ta matso da fuskarta har numfashinta na taɓa gilashin.

"Ɗaga kanka," za ta ce masa. "Ni ba surutunka nake so ba, wuyanka nake so in gani."

Da wuyan take gane ko yana cin abinci.

Ni ne ɗan farinta. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta taɓa tambayata ko na ci ba. "Kai wannan" take ce mini. Haka aka raine ta, haka ake yi, kuma na sha gaya wa kaina ban damu ba. Karatuna bai yi nisa ba. Ɗan aike ne ni a wata ma'aikata, amma na daɗe ina tsayawa bayan masu danna ordinata ina kallo, har na iya kunnawa da kashewa da cire wannan a mayar da wancan. A unguwa sai aka fara kirana Injiniya. Da wasa aka fara. Ni ne na karɓe shi da gaske.

A farkon azumin aka yi wata iska mai ƙarfi, ba ruwa ko ɗigo. Juma'ar da ta biyo baya na ɗora ordinata a kan turmi, na cusa kile. Kilen yana da ƴar fitila: in ya kama rezo sosai, wato sabis ya yi ƙarfi, sai ta yi shuɗi ta tsaya, in bai kama ba sai ta yi ta ƙifta kore. Ranar kore ta yi ta ƙiftawa. Na cire na mayar. Na kashe na kunna. Na hura ramin da baki, na goge sim da bakin riga. Kore. Inna tana zaune ta gyara mayafi kamar mai jiran baƙo, har la'asar ta yi, har ta tashi ta shige ɗaki.

Daga ranar ban sake zama ba. Na ce ko kiredi ne, kuɗin kati, ya ƙare, na sa wani. Na ce ko zafi ne ya dame ta, na ɗora ta a kan jiƙaƙƙen buhu, Hajara na yi mata fifita da faifai tana dariya. Na cire sim na sa a wayata, na kira wani abokina, kira ya shiga lafiya lau. To ba sim ba ne. Na samo doguwar waya, na ɗaure kile a kan gora, na ɗaga shi sama kamar mai kakkaɓo mangwaro. Wani ya taɓa cewa murfin tukunya na tara rezo, na ɗauke murfin tukunyar miyar Hajara na huda shi na zura kile a tsakiya.

"Malam, da me zan rufe miya?"

"Ki rufe da faranti."

"To Allah ya sa Sani ya fito ta cikin murfin."

Na hau soro da rana tsaka, ina azumi, ƙafata na ƙuna, ina juya gora gabas da yamma, ina ƙwala mata kira: "Wane launi?" Ita kuma daga ƙasa: "Kore!" In matsa taki biyu. "Yanzu fa?" "Kore dai, Malam. Sauko kada ka faɗo mana a wofi."

Sai na naɗe ordinatar a zane na kai ta wurin aikinmu, can ɗaya gefen gari. Ina cusa kile, fitila ta yi shuɗi ta tsaya cak. Na dawo gida da gudu, gumi har cikin ido, na kunna. Kore. Washegari na sake kai ta, shuɗi. Na dawo, kore. A nan na yanke hukunci: ordinata lafiyarta lau, kile lafiyarsa lau, wani abu ne a gidanmu yake tare hanya.

Hajara ta ce, "Ka leƙa gidan Mushe Ali mana. Su ma suna da irinta. Ka ji ko tasu na yi."

Mushe Ali malamin lakwal ne, wato makarantar boko, gida uku tsakaninmu. Watanni kaɗan kafin nan ni na je na nuna masa yadda ake cusa kile, a gaban matarsa da ƴaƴansa, har ya raka ni ƙofa yana cewa Injiniya. In koma yanzu in ce tawa ta gagare ni?

"Tasu daban, tamu daban," na ce mata.

Juma'a ta biyu ta wuce. Sani ya kira a waya, na kara wa Inna, ta saurara ta saurara, ta miƙo mini. "Ban ji komai ba. Ka tambaye shi ko yana samun abin buɗa baki." Na tambaye shi, ya ce yana samu. Na faɗa mata da ƙarfi. Ta ce, "Baki ai ba ya rama. Wuya ke rama." Ranar kunu kaɗan ta kurɓa.

Ina kwance a gindin itacen bayan azahar, yunwa na murɗa ni, idona a sama, sai na lura ya yi sabon ganye. Haka dogonyaro yake, ana tsakiyar wahala shi yake yin lif, kamar ya ji ƙanshin ruwan da mu ba mu ji ba. Ya cika, ya yi duhu, ya rufe duk gefen da ƙarfen anten ɗin unguwarmu, mai ba da rezo, yake, can bayan dutse. Me ya canja a gidan nan? Ba a yi gini ba, ba a ƙara katanga ba. Ganye ne kawai ya ƙaru.

Na ɗauki adda na hau na datse reshe guda. Na sauko na duba. Wallahi fitilar nan ta yi shuɗi. Ta yi kamar ƙiftawar ido biyu, ta koma kore. Yau na san daga wani anten mai nisa ta ɗan tsinto shi, kamar yadda iska ke kawo kiɗan biki daga wata unguwa. A ranar kuwa ji na yi na kama ɓarawo da hannu.

Na durƙusa kusa da kunnen Inna.

"Inna, itacen nan ne ke tare Sani!"

"Wa?"

"Itacen! Shi ya hana hoton zuwa!"

Ta ɗaga kai ta dube shi tun daga gindi har ƙoli.

"Ka tabbata?"

Nan ne wurin. Da na ce ina zato, da ta ce a dakata. Na ce, "Na tabbata."

"To," ta ce. "Itace ai ba ɗa ba ne. A sare."

Mai gatarin da na samo mutumin wajen Mirriya ne, shi ma da azumi a bakinsa. Ya zagaya itacen, ya dafa shi, ya dube ni.

"Rassa za a rage?"

"Duka."

"Malam, a wannan zafin? Ko gefe ɗaya ba za a bar wa tsohuwa ba?"

"Aikin na'ura ne, ba za ka gane ba."

"A'a, ban gane ba kam," ya ce, ya tofa yawu a tafi.

Inna ta shige ɗaki tun kafin sara na farko, ta saki labule. Hajara ta janye randa da turmi. Abin da na fi tunawa shi ne warin, ɗacin ɗanyen dogonyaro da ya cika gida har cikin maƙogwaro, da kurciyoyi da suka tashi suka yi ta kewaya sama ba su san inda za su sauka ba. Da babban reshen ya faɗi, rana ta zubo tsakar gida kamar an juye tafasasshen ruwa. Ban taɓa sanin gidanmu ƙarami ne haka ba, kuma fari fat.

Tun mai gatari bai gama ɗaure itacensa ba na kunna ordinata a kan kututturen.

Kore.

Na cire na mayar. Na ɗaga gora. Kore.

Hajara ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu. "Malam, ga itace a ƙasa, ga fitila kore."

"Rezo kamar akuya yake," na ce, ban dube ta ba. "Sai ya gane an buɗe hanya tukuna."

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo da na taɓa yi. Ruwan randa kafin azahar ya zama na wanka. Akuya ta maƙale a jikin bango tana haki. Hajara ta koma daka a zaure, hayaƙin ƙosai na shaƙe ta. Inna ba ta da wurin zuwa sai ɗaki, ta jiƙa zane ta lulluɓa, ya bushe, ta sake jiƙawa da ruwan da muke saye. Wata la'asar Hajara ta same ta a jingine, ido ya juye, leɓe ya bushe. Muka yi ta shafa mata ruwa, muna roƙonta ta karya azumin. Ta girgiza kai. Da ta dawo hayyacinta, abin da ta fara cewa shi ne, "Ya zo?"

Ni kuwa na kasa tsayawa wuri ɗaya. In hau soro, in sauko, in tafi gona in tona binne in ga ko geron ya ruɓe, in dawo in kunna, in kashe. Hadari na ta taruwa yana watsewa. Juma'a ta uku ta wuce a kore.

Sai wata safiya, ban taɓa komai ba, ban ɗaga gora ba, na cusa kile kawai, fitila ta yi shuɗi ta zauna daram. Na yi kabbara har akuya ta zabura. Na ce wa Hajara, "Ba na gaya miki ba?" Na fita da sauri in ƙaro kiredi wurin Ilu, mai ƴar rumfar sayar da kati a bakin titi.

"Injiniya!" ya ce. "Kun ga ta dawo ko? Yau kowa kati yake nema."

"Wace?"

"Intanet mana. Ai tun iskar nan ta farkon azumi wani abu ya ƙone a anten ɗin bayan dutse. Kira na shiga, intanet babu. Jiya masu gyara suka hau."

"Duk unguwa?"

"Duk gefen nan. Mushe Ali har ya gaji da zuwa tambaya. Kai da ka fi kowa sani kake tambayata?"

Na yi dariya. Na ce, "Na sani mana. Gwada ka nake."

Tsakanin rumfar Ilu da gidanmu ba nisa, amma na zagaya ta bayan masallaci, na sake zagayawa. Na shirya maganar a bakina. Na ce in na shiga zan durƙusa in faɗa mata. Da na shiga na tarar tana barci, na ce sai ta tashi. Da ta tashi na ce sai an sha ruwa. Da aka sha ruwa na ce bari dai ta ga Sani tukuna.

Ranar Juma'a muka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofar ɗaki. Fuskar Sani ta fito. Inna ta matso, ta sa shi ya ɗaga kai, ya juya hagu, ya juya dama.

"Ka rame," ta ce. "Amma ba sosai ba."

Sani ya ƙura ido ta bayanta. "Yaya, wane irin haske ne haka a gidan? Ina dogonyaro?"

Na buɗe baki. Inna ta ga inda yake nunawa, ta riga ni.

"Shi ne ya tare ka. Yayanka ne ya gano. Yana azumi yana hawa soro, ƙafarsa duk ta ƙone. Ba don shi ba da har salla ban gan ka ba."

Sai ta juyo. Ta dube ni, ni, a ido, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce.

Na ce amin. Maganar da na shirya ta koma ciki, ta kwanta.

Ruwa ya sauka kafin salla, mai yawa, cikin yini. Muka tsaya a ƙofar ɗaki muna kallon yadda yake dukan tsakar gida kai tsaye, ba ganyen da zai tare shi, yana tona ƙasa. Gero ya tsiro. Kututturen ya yi ƙoƙarin tohuwa, gara ta shige shi, bayan shekara biyu na tone shi na kafa rumfar kwano. Hajara ta ji gaskiya wurin mata a bakin famfo. Sau ɗaya ta taɓa ni da ita: "Matar Mushe ta ce tasu ma ranar ta dawo. Su kuwa ba su sare komai ba." Na ce kowane gida da irin nasa. Ta dube ni, ta koma kan aikinta. Inna kuwa nauyin kunnenta ya tsare ta daga zancen unguwa, ya tsare ni ni ma. Duk baƙuwar da ta zo ta yi ƙorafin zafi, sai Inna ta ba ta labari: ta ba da itacenta ta ga ɗanta, kuma wannan ne ya gano. In ta fara sai in tuna ina da aike.

Yanzu ordinatar ta mutu, tana cikin akwati. Sani ya yi aure can, yana kira a waya duk lokacin da ya ga dama, fuskarsa a tafin hannu, ba gora, ba murfin tukunya. Damina biyu da suka wuce Hajara ta samo ɗan dashen dogonyaro ta kafa a bakin makwarara, ta kewaye shi da tubali, ba ta nemi shawarata ba. Bana ya wuce kaina. Inuwarsa ba ta fi faifai uku ba, amma kaji sun riga sun san ta.

Juma'ar da ta wuce Sani ya kira da azahar. Inna na riƙe da wayar tana duba wuyansa, sai hoton ya tsaya, bakinsa a buɗe. Ya motsa, ya sake tsayawa. Ta girgiza wayar. Ta ɗaga kai ta dubi ɗan itacen.

"Kai wannan," ta ce. "Ka ga abin nan ya fara tsawo. Nemo mai gatari tun bai tare mana yaro ba."

Hajara tana tankaɗe a bakin zaure. Ta ajiye rariya. Ta zuba mini ido.

Na taso daga ƙarƙashin kwanon, na durƙusa a gaban tabarmar. Ƙasa na ƙuna ta cikin wando. Hoton ya saki, Sani na cewa, "Yaya, kuna jina?"

Na ce, "Inna, itace ba ya tare rezo. Wancan ma bai tare ba."

"Iye?"

Ba a yi wa Inna raɗa. Duk abin da za a gaya mata, sai maƙwabta sun ji, sai mai wucewa a lungu ya ji. Na matsa kusa da kunnenta, na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa a gidan nan ba.

"Na ce itacenki bai yi laifin komai ba! Anten ne ya lalace, duk unguwa, aka gyara! Ban sani ba na ce miki na tabbata, don ina jin kunyar tambaya! Da na sani kuma na ɓoye miki, don kin sa mini albarka, na kasa mayarwa! Ni na raba ki da inuwarki a banza, Inna. Ki yafe mini."